Awo ko Matsi: Wane Tsari Za a Sa wa Na'urar Numfashi Idan Huhu Ɗaya Ke Aiki a Tiyatar Ƙirji?

Da zarar an kwantar da majiyyaci a gefensa, an matse ɓangare ɗaya na bututu mai baki biyu da ke kai wa kowane huhu iskarsa dabam, huhun sama ya motse domin likitan tiyata ya samu wurin aiki, to numfashin mutum gaba ɗaya ya rataya a wuyan huhu guda. Huhun nan kuwa shi ne na ƙasa, wanda zuciya ta danne daga sama, kayan ciki suka turo tantanin da ya raba ƙirji da ciki suka ƙuntata shi, ga kuma matashin da aka cusa ƙarƙashin haƙarƙari. Jini bai daina bi ta huhun da aka motse ba. Jijiyoyinsa kan tsuke da kansu idan oksijin ta yanke, abin da von Euler da Liljestrand suka bayyana a 1946, amma duk da tsukewar, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na jinin da zuciya ke bugawa yana wucewa bai ɗauki iska ba. A cikin wannan hali ne mai sa barci ke tsayawa gaban na'ura yana tunanin abin da zai danna: VCV mai riƙe awon iska, ko PCV mai riƙe matsi, ko tsarin haɗaka da ke haɗa su biyun, wanda sababbin na'urori ke zuwa da shi.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Ga babban mutum mai huhun ƙasa lafiyayye, na fi son VCV tare da ɗan dakatawa a ƙarshen shaƙa. PCV ina ajiye shi ne don huhu mai yoyo, da huhu mai kumburarrun buhunan iska, da ƙananan yara. Dalilina ba wai ɗaya ya fi ɗaya cika jini da oksijin ba ne. Kowane tsari yana riƙe abu ɗaya ya saki ɗayan, kuma abin da ya kamata mu auna shi ne wanne ne huhun da ke gabanmu zai iya jurewa idan ya kuɓuce, wanne ne kuma na'urar da ke ɗakinmu za ta nuna mana kafin ya yi ɓarna.

Wanda ya saba zuwa kasuwar hatsi ya san ciniki iri biyu ne. Ko ka ce a auna maka mudu uku, nawa ya kama ka biya, ko ka miƙa kuɗinka ka ce a ba ka na wannan, iya abin da ya samu. VCV shi ne na farko: ka ce mililita 330 a kowane numfashi, na'ura za ta tura su da gudu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, matsi kuwa ya hau inda huhu da bututu suka kai shi. Shi zan riƙa kira tsarin awo. PCV shi ne na biyu: ka ce matsi 18, na'ura ta kai shi nan take ta riƙe, iska ta shiga da ƙarfi da farko sannan ta yi ta raguwa yayin da huhu ke cika. Yawan iskar da ta shiga ya dogara da laushin huhu, da faɗin hanya, da tsawon lokacin shaƙa. Wannan shi ne tsarin matsi. Duk matsin da zan ambata a nan da santimita na ruwa ake auna shi, wanda na'ura ke rubutawa cmH2O.

Lambar da ke sauka a allo

Abin da ya fi jan mutane zuwa tsarin matsi shi ne abin da ido ke gani. Ana matse bututu sai matsin ƙololuwa, wato lamba mafi girma da matsi ke kaiwa a kowace shaƙa, ya yi tsalle, hankalin mai sa barci ya tashi, ya juya zuwa PCV, lambar ta sauko, kowa ya samu natsuwa. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Matsin ƙololuwa a tsarin awo tarin abu uku ne: ƙarfin da ake buƙata don tura iska ta cikin siririn bututu, ƙarfin da ake buƙata don miƙa huhu, da PEEP, wato ragowar matsin da ake bari a huhu a ƙarshen fitar numfashi don kada ya motse. Bututu mai baki biyu irin na Robertshaw, wanda aka fito da shi a 1962 bayan na Carlens na 1949, kowane ɓangarensa dogo ne kuma ƙunci gare shi, musamman lamba 35 da 37 da muke sa wa mata da ƙananan maza. Saboda haka wani babban kaso na lambar da muke gani a bakin na'ura yana ƙarewa ne a cikin roba, bai kai ga buhunan iskar huhu ba. Hanyar sanin abin da huhu ke ji da gaske ita ce a tsayar da kwararar iska na ɗan lokaci a ƙarshen shaƙa, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na lokacin shaƙar. Da iska ta tsaya, rabon bututu ya fita daga lissafi, abin da ya rage shi ne matsin dakatawa. Idan aka cire PEEP daga cikinsa, sai a samu matsin turi, wanda shi ne ke nuna irin miƙewar da kowane numfashi ke yi wa huhu.

A ce mutum ne mai tsayin santimita 170. Nauyin da ya dace da tsayinsa, ba wanda sikeli ya nuna ba, kilo 66 ne: 50 a tara da 0.91 sau abin da ya haura santimita 152.4. Ga mace, 45.5 ake farawa da shi. A mililita 5 kowane kilo, mililita 330 ke nan. A tsarin awo da PEEP 5, a ce ƙololuwa ta nuna 24, dakatawa ta nuna 17, turi ya zama 12. Juya shi zuwa tsarin matsi ka nemi mililita 330 ɗin nan, za ka ga 17 ko 18 ya ishe ka. A allo an samu ragin 6. A cikin huhu kuwa iska ɗaya ce ta shiga buhu ɗaya, don haka miƙewar ɗaya ce. Rozé da abokan aikinsa a Bodo ta Faransa sun gwada wannan kai tsaye a 2010: sun auna matsi a bakin na'ura da kuma cikin reshen maƙogwaro bayan ƙarshen bututu, suka tarar ragin da PCV ke kawowa galibinsa a tiyon numfashi yake, a cikin huhu ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Wannan ne ya sa nake ƙaunar dakatawar nan. Tana ba ka lambobi biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu magana take yi. Idan ƙololuwa ta hau, dakatawa na nan inda take, matsalar a hanya take: bututu ya lanƙwashe, ko kaki, ko gudan jini, ko maƙogwaro ya tsuke. Idan duka biyun suka hau tare, huhun ne ya yi tauri ko ya ragu: bututu ya zurma ya toshe reshen sashen sama, ko wani ɓangare ya motse, ko iska ta taru a ƙirjin ƙasa, ko maganin sakin jiki ya fara saki. Tsarin matsi ba ya rarrabe maka haka cikin sauƙi. Duk waɗannan masifu fuska ɗaya suke nuna maka, wato iska ta ragu, sai dai in ka iya karanta zanen kwararar iska. Ƙari a kan haka, lambar da ka sa a PCV ba ta zama daidai da matsin cikin huhu sai idan kwararar ta sauko sifili kafin shaƙa ta ƙare.

Maganar oksijin kuma ta samo asali ne daga binciken Tuğrul da abokansa a Istanbul a 1997, inda suka ga PCV ya ɗan fi ba da oksijin, musamman ga masu raunin huhu. Sai dai a zamanin ana hura huhu ɗaya da mililita 10 kowane kilo, har 12 a koyarwar wasu littattafai, ba tare da PEEP ba. A 2007 Unzueta da abokansa a Basalona suka maimaita gwajin a kan mutum 58 masu huhu mai kyau, ba su ga bambanci ba. Babban gwajin da ya fi dacewa da tambayarmu an yi shi ne a Chengdu ta ƙasar Sin, aka wallafa a 2022: mutum sama da 1,200 da aka yanke wa wani sashe na huhu, an raba su uku tsakanin VCV da PCV da tsarin haɗaka, duka da ƙaramin awo, kuma matsalolin huhu bayan tiyata sun zo kusan daidai a rukunan uku. Akwai kuma wani nazari na bayanan majiyyata 109,360 daga asibitocin yankin Boston a 2017, na tiyata iri-iri, da ya nuna matsaloli sun ɗan fi yawa ga waɗanda aka yi wa PCV. Ba na ɗora masa nauyi sosai, don mu kanmu mun san marasa lafiya masu wuya ne ake juyawa zuwa PCV. Amma ya isa ya rushe tunanin cewa tsarin matsi shi ne mai tausayin huhu a kowane hali.

Abin da ke faruwa idan aiki ya yi nisa

Tiyatar ƙirji ba wurin da laushin huhu ke zama wuri ɗaya ba ne. Ana buɗe ƙirji ya canza. Mataimaki ya jingina a kan tsakiyar ƙirji ya canza. Likitan tiyata ya ja jijiya ko ya ɗaga sashen huhu, bututu ya gusa da santimita ɗaya, ya canza. A tiyatar madubi, idan an hura iskar kabon cikin ƙirji, ya ƙara canzawa. A nan ne tsarukan biyu ke rabuwa da gaske.

A tsarin awo, duk abin da ya taso, iskar da ka nema za ta shiga, matsi ya hau, ƙararrawa ta yi kuka. Haɗarinsa shi ne idan ba ka sa iyakar matsi ba, na'ura za ta cusa mililita 330 cikin sashe ɗaya na huhu idan bututu ya toshe ɗayan. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa iyaka wajen 30 zuwa 35, a riƙe matsin dakatawa ƙasa da 25, matsin turi kuwa ƙasa da 15 in hali ya yi. Da wannan iyaka, tsarin awo ya samu kariyar da ake yabon PCV a kanta.

A tsarin matsi, huhu na cikin aminci daga hauhawar matsi, amma iska na iya zaftarewa daga 330 zuwa 180 ba tare da wani sauti ba, muddin ba a gyara ƙararrawar ƙarancin iska ba. Kuma na'urori da yawa suna zuwa da iyakokin da aka buɗe sosai. Inda akwai ma'aunin iskar kabon, za a ga lamba na hawa a hankali. Inda babu shi, kuma ana ba da oksijin mai yawa, na'urar yatsa za ta ci gaba da nuna 96 alhali kabon na taruwa a jini. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a ɗakunan da har yanzu maganin barci na halothane ake amfani da shi, domin haɗuwarsa da tarin kabon da adrenaline ɗin da likitan tiyata ke sawa a wurin yanka tana rikita bugun zuciya. Ra'ayina a fili yake: ɗakin da ba shi da ma'aunin kabon kuma ba shi da amintaccen ma'aunin iskar da ke fita daga majiyyaci, kada a yi PCV a cikinsa ga babba yayin huhu ɗaya.

Wani ƙaramin tarko kuma: a wasu na'urori matsin da ka sa a PCV ana ɗora shi ne a kan PEEP, a wasu kuwa PEEP na cikinsa. A na biyun, idan ka ƙara PEEP daga 5 zuwa 8 ba ka taɓa ɗayar lambar ba, ka rage iskar da ke shiga ke nan. A san na'urar ɗaki tun kafin majiyyaci ya shigo.

Tsarin haɗaka sunansa ya bambanta da kamfani: GE na kiransa PCV-VG, Dräger na cewa AutoFlow, Getinge kuma PRVC. Kai za ka faɗi awo, na'ura ta gwada laushin huhu, ta ba da numfashi irin na tsarin matsi, tana ƙara ko rage matsin kaɗan-kaɗan daga numfashi zuwa numfashi har awon ya cika. Abu ne mai daɗin aiki, kuma wanda ke da shi ya yi amfani da shi ba laifi. Abin da nake jan kunne a kai shi ne ladabinsa ya yi yawa. Bututu zai gusa, na'ura ta yi ta ƙara matsi a hankali tana rufe matsalar, daga 17 zuwa 26, ba ƙararrawar da ta motsa saboda awo na cika kuma ba a kai iyaka ba. Wanda ya zaɓe shi ya sa iyakar matsi kusa, kamar 8 zuwa 10 sama da inda aka fara, ya kuma rubuta lambar farko a takarda domin ya san lokacin da ta fara tafiya.

Marasa lafiyar da muke gani

Yawancin binciken da na ambata an yi su ne a kan masu ciwon dajin huhu a Turai da Asiya. A asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, da na Yamai, abin da ya fi kai mutum tiyatar ƙirji dabam ne: mugunyar da ta taru ta yi ɓawo a kan huhu, huhun da tarin fuka ya cinye, raunin haɗarin mota ko na harbi, da maƙoshin da soda ta ƙona. Zaɓin tsari dole ya bi waɗannan.

Huhun da tarin fuka ya lalata yana da abin mamaki guda: sau da yawa oksijin ba ta faɗuwa idan an matse shi, domin jini ya daɗe da ƙaurace masa. Abin tsoro a nan shi ne mugunya da jini su tsallaka zuwa huhun ƙasa. Ga irin wannan majiyyaci ina tsayawa kan tsarin awo da dakatawa, saboda hawan ƙololuwa ba tare da hawan dakatawa ba shi ne gargaɗin farko cewa wani abu ya shiga hanya, a zuƙe shi yanzu, a duba balan-balan ɗin bututu da ke toshe reshen maƙogwaro. Amma a duba hoton ƙirji da kyau kafin a fara. Idan huhun da za a dogara da shi ma yana da tabo da koguna, laushinsa kaɗan ne, mililita 5 na iya kai matsin turi 20. A nan sai a sauko 4 kowane kilo, a ƙara yawan numfashi, kuma in har matsi bai sauko ba, PCV ko haɗaka na da amfani don iskar da ke shiga a hankali a ƙarshe tana ba sassan da ke jinkirin cika dama.

Inda akwai ɓula tsakanin reshen maƙogwaro da kogon ƙirji, tsarin awo yana yaudara ta wata fuskar: na'ura ta tura 330, rabi ya fice ta ɓular zuwa kwalbar ƙirji, ita kuwa ta ɗauka ta cika aikinta. Tsarin matsi yana ƙara kwarara don ya riƙe matsin, saboda haka yana cike yoyon har wani mizani, muddin iskar da ke shigowa na'ura ta wadatar, in ba haka ba zugazugin da ke tura iska a na'ura ya faɗi. Nan PCV ya fi. Duk da haka, ainihin maganin ɓula shi ne a keɓe ɓangaren da bututu tun kafin a fara hura shi da ƙarfi, kuma a tabbata bututun ƙirji na aiki kafin a sa barci. Haka ma a ƙarshen kankare ɓawon mugunya, lokacin da fuskar huhu ke ta fitar da kumfa, tsarin matsi ya fi riƙe numfashi.

Masu huhun da ya kumbura ya rasa danƙonsa, ko daga taba ko daga hayaƙin itace na shekaru, matsalarsu fitar da iska ce. Idan numfashi na gaba ya zo kafin na baya ya gama fita, iska na taruwa, matsin cikin ƙirji ya hau, jini ya kasa komawa zuciya, hawan jini ya faɗi. Tsarin awo zai ci gaba da ɗora numfashi kan numfashi. Tsarin matsi kuwa yana da wata kariya a cikin halittarsa: yayin da iska ke taruwa, abin da ke shiga yana raguwa da kansa. Ga mai manyan buhunan iska a huhun ƙasa, waɗanda fashewarsu a tsakiyar aiki babbar musiba ce, wannan kariyar ta isa dalili. A tsawaita fitar numfashi zuwa ninki uku ko huɗu na shaƙa, a rage yawan numfashi, a kalli zanen kwarara ya koma sifili kafin sabon numfashi, a guji iskar barci ta nitrous oxide. Idan jini ya faɗi ba dalili, a cire tiyo na daƙiƙoƙi a saurari iska na fita.

Duk wannan yana nufin a yarda kabon ya ɗan hau, kuma mafi yawan manya na jure kabon na 50 zuwa 60 a jini, a ma'aunin mmHg, ba tare da illa ba. Ban da mutum uku: mai hawan jinin jijiyar huhu, mai rauni a kai da matsin ƙwaƙwalwa, da mai sikila. Na ƙarshen nan namu ne sosai. Yaron da ke da sikila kuma nimoniya ta zame masa mugunya, tsamin jini da ƙarancin oksijin da sanyi duk suna lanƙwasa ƙwayoyin jininsa. A gare shi ba na yarda iska ta zaftare a ɓoye ko na ɗan lokaci, don haka kowane tsari aka sa, idon mai sa barci na kan awon da ke fita da kuma kabon.

Yara ƙanana su ne suka kai mu ga maganar tsofaffin na'urori. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar mililita 50 zuwa 60 a huhu ɗaya, galibi ta bututu mai baki ɗaya da aka tura cikin reshe. Tsohuwar na'ura mai zugazugi ba ta san nawa ya tsaya a tiyo ba. Robar na kumbura, iska na matsuwa a ciki, kuma abin da ke ɓacewa a nan na iya kai duk awon yaron. Tsarin matsi ba ruwansa da wannan asarar, shi ya sa ya fi dacewa da su, tare da kallon motsin ƙirji da sauraro.

Ga manya ma tsohuwar na'ura na da wani hali da ya kamata kowa ya lissafa da hannunsa. A waɗanda ba su raba sabuwar iska da numfashin na'ura ba, duk abin da ke kwarara daga ma'aunin da ke sakin oksijin cikin na'ura lokacin shaƙa yana ƙaruwa a kan awon da ka sa. A ce lita 6 a minti, shaƙa na cin kashi ɗaya cikin uku na lokaci, numfashi 12 a minti. Lita 2 ke nan a raba 12, kusan mililita 167 a kowane numfashi. Ka sa 330, abin da ya fita daga na'ura ya doshi 500. Kuma lokacin da oksijin ta faɗi, hannu na zuwa ne kai tsaye ya buɗe ma'aunin zuwa 8 ko 10, wato a daidai lokacin da huhu ya fi rauni ake ƙara masa kaya. Wanda na'urarsa VCV kaɗai take da shi bai rasa komai ba, amma ya karanta awon da ke fita daga majiyyaci, ya sake daidaita zugazugi duk lokacin da ya taɓa ma'aunin iska.

Abin da ke rage ciwo bayan tiyata yana cikin lambobin da ake sawa a kowane tsari. Tun gwajin ARDSNet na 2000, inda mililita 6 kowane kilo ya rage mutuwa zuwa kashi 31 daga kusan kashi 40 da aka samu da mililita 12 a sashen kulawa ta musamman, ƙaramin awo ya shigo ɗakin tiyata. Amma Blank da abokansa a Jami'ar Bajiniya, da suka duba tiyata 1,019 a 2016, sun nuna ƙaramin awo ba tare da isasshen PEEP ba bai kare kowa ba. Gwajin iPROVE-OLV da aka jagoranta daga Sifaniya, aka wallafa a 2024, ya haɗa sake buɗe huhu da zaɓen PEEP gwargwadon kowane mutum da kulawar numfashi bayan tiyata, kuma munanan matsalolin huhu sun kasance kashi 6 a maimakon 15. A Koriya ta Kudu, gwajin farko na bin matsin turi a 2019 ya nuna amfani, babban da ya biyo baya a 2023 bai nuna ba, saboda haka ina ɗaukar matsin turi a matsayin ma'auni mai amfani, ban ɗauke shi alƙawari ba. A aikace: mililita 4 zuwa 6 kowane kilo na nauyin tsayi, a buɗe huhun ƙasa a hankali bayan an matse bututu idan jini na da ƙarfi, a fara PEEP daga 5, a gwada sama da ƙasa a tsaya inda matsin turi ya fi ƙanƙanta. Wannan gwaji ya fi sauƙi a tsarin awo, don awo na tsaye, lamba ɗaya kawai kake kallo.

Idan oksijin ta faɗi ƙasa da 90, abin da ke faruwa ga mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari, juya maɓalli daga VCV zuwa PCV ɓata lokaci ne. A kai oksijin ɗari bisa ɗari, a duba wurin bututu da madubin leƙa maƙogwaro in akwai, in babu a saurara a zuƙe, a buɗe huhun ƙasa, a duba hawan jini, a ba huhun sama ɗan matsin oksijin na 2 zuwa 5. In ta ci gaba da sauka, a buɗe baki a ce, "Yallaɓai, a dakata, zan hura huhu biyu." Babu likitan tiyatar kirki da zai ƙi. Idan za a cire huhun gaba ɗaya, matse jijiyar jininsa da wuri na yanke jinin da ke wucewa banza.

Komawa huhu biyu kuma shi ne inda tsarin matsi ke iya cutarwa ta ɗaya ɓangaren. Matsi 24 da ya ba da mililita 330 a huhu ɗaya mai tauri, idan aka saki maƙalli ba a rage shi ba, zai iya ba da ninkinsa nan take, a kan sabon ɗinki. Tsarin haɗaka ma sai ya ɗauki numfashi da dama kafin ya sauko. Don haka kafin a saki, a zuƙe ɓangaren da aka yi wa aiki, a koma jakar numfashi a hura da hannu a hankali ana kallon huhun na buɗewa, a tsaya a matsin da aka yi shawara da likitan tiyata, galibi 20 zuwa 30 lokacin gwajin ɗinki a cikin ruwa. Sannan a mayar da majiyyaci kan na'ura da sababbin lambobi da sababbin iyakokin ƙararrawa. Wanda aka cire wa huhu ɗaya gaba ɗaya kuwa ba a ƙara masa awo ko kaɗan: lambobin huhu ɗaya su ne nasa har a cire bututu.